Abubakar na Bakwai

Cikin kwana huɗu Malam Zaidu ya tara Abubakar har shida, kuma babu mai amfani ko ɗaya a cikinsu, don duk lafiyarsu lau.

Zaidu malamin asibitin Yelwa ne, mai farar riga da jakar kwalabe. Aikinsa ba wuya a faɗa: in aka samu mutum da tarin fuka, shi zai bi sawun duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi, ya karɓi kakinsa a kwalba, a kai a duba. Yana alfahari da cewa bai taɓa rasa mutum ba, kuma ba ya jira a tambaye shi kafin ya faɗa.

A shekarar da aka toshe Kwara a Kainji, aka samu wata tsohuwa, Inna Dudu ta Gungun Ƙirya, da ciwon. Shi da kansa ya ɗauko ta a kwalekwalen wani dogon mutum da ake kira Tanimu. Tun daga tsibirin har Yelwa tsohuwar ta ba mai tuƙin baya, ko sannu ba ta ce masa ba. Zaidu ya ce a ransa tsufa ke nan, ba ya rasa rigima.

A gadon asibiti ya tambaye ta waɗanda suka yi jinyarta. Ta lanƙwasa yatsa ɗaya, ta ce jikarta Rabi. Ta lanƙwasa na biyu, ta ce Hauwa maƙwabciya. Ta lanƙwasa na uku, sai ta kama kallon bango.

Rabi da Hauwa aka duba su, ba su da komai. Saura mai yatsa na uku, wanda Rabi ta ce wata uku yana kwana a ƙofar ɗakin yana dama wa tsohuwa kunu, kafin Hauwa ta harare ta ta haɗiye sauran maganar.

Ba laifin mutanen tsibirin ba ne da suka ɓoye shi. Masu takarda na ƙarshe da suka zo musu gidaje suka ƙirga, ga shi yanzu ruwa ya cinye gonakin albasa yana lasar gindin rumbuna. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. An kuma baza labari cewa duk wanda asibiti ya riƙe, ranar rabon gidaje a sabon gari ba za a ga ƙeyarsa ba, iyalinsa su tashi a tutar babu.

Zaidu ya je wurin liman ya tambayi sunan mutumin. Liman ba ya ƙarya, amma ya iya auna gaskiya da ƙaramin mudu. Ya ce, "Sunan da na raɗa mishi Abubakar." Daga nan ya koma kan tasbaharsa.

Ranar Juma'a za a kwashe tsibirin, a raba mutanensa garuruwa uku. In mutumin ya shige ɗayan ƙananan ɗakunan sumuntin da za a raba musu, shi da yara, sai dai a ji labari. Wannan ne ya hana Zaidu sukuni.

Kullum da hantsi Tanimu ke hayewa da shi zuwa tsibirin. Mutum ne mai daɗin tafiya, sai dai raggo: kafin a kai tsakiyar ruwa sai ya aje filafili ya huta sau biyu, ya juya kai ya tofar da jan yawu a kogi. Zaidu, da ba ya ganin dama ta wuce shi, ya yi masa wa'azi a kan illar goro, sannan ya yaba farin haƙoransa, har ya tambaye shi wane icce yake asuwaki da shi.

"Abubakar nawa gare ku a gungun nan?" in ji Zaidu ran farko.

"Bakwai," in ji Tanimu, "in an ƙirga da kyau."

Aka kawo Garba mai taru, aka kawo Habu mai saƙar tabarma, da Buba, da Bukar, da wani Garban, da wani tsoho kurma da ya ɗauka rabon gida ake yi ya zo da tukwanensa. Kowa ya yi kaki a kwalba. Na bakwai kuwa, yau a ce ya tafi su, gobe a ce yanzu-yanzu ya bar nan.

Ran Alhamis Zaidu ya sallama. Tanimu ya dawo da shi Yelwa, har ya taimaka ya ɗauko ƙullin kayan tsohuwar zuwa ƙofar ɗakin mata, ya tsaya nan yana mai da numfashi. Inna Dudu na hango shi ta juya fuska bango.

Zaidu ya zauna bakin gadonta, girman kan duk ya zube. Ya ce, "Inna, na kasa. Ke allura ta kama ki, in Allah ya so za ki tashi. Shi wancan da kike ɓoyo, gida zai samu, amma ba na jin zai ga damina biyu a cikinsa. Kuma ba shi kaɗai zai tafi ba, in yana da yara."



Ya miƙe, ya tuna bai yi wa mai kwalekwale godiyar kirki ba, ga shi ya dame shi da wa'azi kwana huɗu. Ya zaro manyan goro biyu daga aljihu, ya nufi ƙofa yana cewa yau dai ya ɗage dokar.

Sai muryar Inna Dudu ta biyo shi, a hankali, fuskarta na bango har yanzu.

"Malam, mai da goronka aljihu. Wanga da ke tsaye, tun ran da na haife shi bai taɓa sa goro a baki ba."