Inuwar Usaina

Tun da aka kafa dokar ba kowane jariri tauraruwa ranar suna, babu wanda tasa ta taɓa fashewa a garinmu sai Usaina, abokiyar tagwaitakata. Yanzu da rana tsaka ana ganin hasken fashewar, kowa na tafe da inuwa biyu. Ta biyun "inuwar Usaina" ake ce mata. Har tawa.

Na je karɓo ɗinkin ankon walimar da za a yi mata saboda tauraruwar, sai na tarar da Kawu Ɗanjuma, ma'aikacin gidan nazarin taurari, a shagon tela.

"Kawu, ba taurari masu zagaya juna aka ba mu ba? Tawa ce ma babba. Me ya sa tata ce ta haska?"

"Fashewar iri biyu ce, Hassana. Wata nauyin kanta ke rushe ta. Ta Usaina kuwa ƙarama ce, wutarta ta daɗe da mutuwa. Jikin taki ta dinga zuƙa har ya fi ƙarfinta."

"Wato hasken da ake mata guɗa a kai, nawa ne?"

"Ba haka doka ta ce ba."

Muna yara ma haka take. Ta cinye tuwonta, ta sa hannu a kwanona, Inna ta ce in yi haƙuri, ni ce babba.

"To tawa fa, Kawu?"

Ya kawar da kai. "Tana da rai. Fashewar ta cilla ta, tana can tana gudu ita kaɗai, babu wadda za ta zagaya."

Na karɓi ankon na fito. Da gangan na taka inuwar, amma har gida ta bi ni.