Warin Katakon Alois

A duwatsunmu na Tirol, masoya kan yi musanyen warin katakon da ake ɗaurawa a ƙafa don sulu kan ƙanƙara kafin su shiga cin abinci, don kada ɓarawo ya sami biyu iri ɗaya. Haka Alois ya yi da Vroni bara, sannan ya sauka da wata budurwa a motar igiya mai sauko da mutane daga dutse, ya bar Vroni can sama.

Yau ga shi a ƙofarta, yana murza hula.

"Vroni tawa, na kama mana ɗaki a ƙololuwar dutsen. Mu koma. Warina yana nan?"

Ta dube shi, ta yi murmushi.

"Yana nan, gwani. Na datse shi na kafa a bakin ƙofa, a kansa ka kankare takalmanka yanzu. Sake taka shi in za ka fita."