Waƙar da Ta Ƙi Zama

A karo na tara mai ɗaukar sauti ya tsayar da kiɗan. "Baiwar Allah, anya waƙar nan taki ce?"

Ta kalli bangon ɗakin ɗaukar sautin da aka liƙe da soso don tare ƙara. Shekara uku tana rera ta a gida ba tuntuɓe, sai yau da dama ta samu, waƙar ta kwance mata.

Ta kira mahaifiyarta a waya tana hawaye. "Umma, ban san me ya same ni ba."

"Ɗaga murya, keken ɗinki ya hana ni ji."

Ƙarar keken da ta saba rera waƙar a kanta a gida ta cika mata kunne. Ƙafarta ta soma buga ƙasa da kanta, baitin farko ya faɗo daidai.

"Umma, kar ki tsaya! Ci gaba da ɗinkin."