Taga Mai Taurin Hannu

"Wannan nake so," na ce wa mai shago ina haki. Taga ce mai hannun murɗawa. Na murɗa iya ƙarfina, ko motsi ba ta yi ba.

"Yallaɓai, ai..."

"Kar ka ce komai, kawo shida."

A saman bene muke, Autarmu kuma shekarunta huɗu, ga hawa kamar biri. Tagar da ta gagare ni, ai dole ta gagare ta.

Da aka kafa su, na tara iyali. "Kun gani? Ko ni ban iya buɗewa ba."

Auta ta ɗale kujera, ta murɗa da yatsu biyu. Taga ta wangale.

"Baba, ta nan ake juyawa."

Uwarta ta share hawayen dariya. "Maigida, in kira mai walda ya sa ƙarafa?"