Injin da Ya Ƙi Kaiwa Bangon Baya

Ja ɗaya injin yankan ciyawar yake tashi, lafiya lau. Sai ya yi minti goma ya ɗauki zafi, ya fara tari, ya shaƙe, ya mutu. Kullum kuma kusan wuri guda, taku kaɗan kafin lungun bangon baya, inda ciyawa ta kai gwiwa.

Pindar, mai kula da filin gidan, ya canza fulogi. Ya wanke kafireto sau biyu, ya zubar da fetur ya sayo sabo. Mako uku ke nan, duk a banza.

Maigidan, Alhaji Muhammad Auwal, ba ya maimaita magana. Adda ma ya hana, wai tana yi wa ciyawarsa askin mahaukaci.

"Ranar Juma'a ina da baƙi. In filin nan bai kwanta ba, ka nemi wani gidan."

Wane gidan? Ɗakin nan na bayan gida a GRA shi ne kaɗai rufin da Pindar yake da shi, ga matarsa Ladi da tsohon ciki. Tsoro ya kama shi, har abinci ya daina shiga.

Mai taya shi jimami ɗaya ne, Baba Ba'ana, mahaifin Alhaji. Shekara biyu da aka kwaso shi daga ƙauyensu, ba abin da ya fito da shi sai wani jan ƙullin tsumma a aljihu. Ko bakin ƙofa ba a barin sa. Wuni yake ƙarƙashin darbejiya yana dama tawada da ƙaro, yana duban hadari. In zai yi alwala sai ya cika buta ya zaga baya, ya dawo da ita wayam.

"Bar shi ya huce, ɗana," in ji shi kullum. "Ƙarfe ma yana gajiya."

Ranar Alhamis da hantsi injin ya sake mutuwa. Pindar ya murɗe murfin tanki zai duba mai, sai ya ji iska ta faɗa ciki, fuu. Ashe tankin ne ba ya numfashi! Ya juya murfin, ya ga ɗan ramin iskar a toshe da wani abu mai danƙo. Ya sa allura ya ƙwaƙule shi.

Minti goma, minti goma sha biyar, injin ko tari bai yi ba. Pindar ya tura shi lungun yana yi wa Allah godiya.

Sai ga Baba tsaye a gabansa, ba takalmi, ya ware hannuwa, yatsunsa duk ƙaro.

"Ɗana, don Allah. Wata biyu kawai."

Pindar ya kashe injin ya leƙa bayan tsohon. Abin da ya yi mako uku yana neman yankewa gero ne, kunya huɗu, ga jan tsumman nan ɗaure a kan kara, babu komai a cikinsa.