Rigar Ilu a Gidan Tarihi

Tun da aka koma yadin zamani, wanda ba ya kama datti, ba ya kama wari, tufafi suka daina riƙe komai. Da mijinta Ilu ya rasu, Inna Tasalla ta shinshina rigunansa kaf, ko ɗaya babu ƙamshinsa.

Sai ta tuna tsohuwar shaddarsa da suka bai wa gidan tarihi. Ta same ta cikin gilashi, da tabon goro a ƙirji.

"Ɗan nan, buɗe mini."

"Inna, an hana," in ji mai gadi. Ya waiga, ya zaro mukulli. "Amma fa duk buɗewa, ƙamshin raguwa yake."

Ta dafe murfin da tafinta.

"To, bar shi. Yana ciki dai ko?"

"Yana ciki, Inna."