Mai Jita da Waƙoƙin Daɓen Gwaggonsa

Ka ce ba za ka soma ba sai kayan aiki sun cika. To, gyara zama ka ji.

An yi wani makaɗin jita mai gwaggo, yayar mahaifinsa, wadda duk garinsu ita kaɗai ta rage da ta riƙe waƙoƙin daɓe, irin waɗanda mata ke yi suna bugun ƙasan sabon ɗaki. Siminti ya zo ya kashe daɓe, waƙoƙin suka maƙale a bakin tsohuwa. Burinsa shi ne ya ɗauki muryarta, ya bi ta da jita, don abin ya tsira. Yana da wata tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, akwati mai nauyin tsiya, da kwalaben gilashi a ciki masu yin ja in sun ɗau zafi. In ya jona jita ya taɓa tsirkiya, ba kunne kaɗai sautin ke shiga ba, har a ƙirji ake jin sa. Ana shirin ɗauka sai kwalba ɗaya ta ƙone, mai gyaran rediyo ya ce sai an aiko da irinta daga Legas. Wani abokinsa ya kawo masa kwamfuta mai manhajar da ke kwaikwayon sautin amfilifaya, ya jona masa. Makaɗin ya kaɗa, ya saurara, ya yamutsa fuska. Kuma yana da gaskiyarsa: kamannin na nan, amma ɗumin da ya saba ji babu, kamar hoton wuta, ga ja ba zafi. Abokin ya ce a ɗauka haka nan, in ya so daga baya a sake jitar. Shi kuwa ya ce ba zai haɗa muryar gwaggonsa da kwaikwayo ba, aikin da za a yi sau ɗaya a yi shi da kyau. Duk ranar da ya je gaishe ta sai tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, yaushe ne waƙar tamu? Jiya ma wani baiti ya kuɓuce mini." Shi kuma ya ce, "Ki ƙara haƙuri, Gwaggo, kaya na hanya."

Kwalbar farko da aka aiko ba ta dace ba, aka mayar. Damina ta shiga ta fita. Da ta biyu ta iso, amfilifayar ta tashi da murya fiye da yadda ya san ta. Amma kafin nan gwaggo ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya yi nauyi. Duk da haka ya ɗora akwatin a amalanke ya kai ɗakinta, ya kafa makirufo, ya ɗauko kiɗan waƙar da ta fi so. Tsohuwa ta gane shi. Hannunta mai lafiya ya shiga bugun tabarma daidai da kiɗa, ko sau ɗaya bai kuskure ba, leɓɓanta na motsi, amma ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Da ya koma gida ya saurari abin da ya ɗauka, ya tarar jitarsa ba ta taɓa daɗi irin na ranar ba. Nan ya zauna yana tunani: da wannan sautin zai kai ga jikokin garin, ba wanda zai tambaya wane akwati aka jona. Tambayarsu ɗaya ce, me tsohuwar nan take son ta faɗa?

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.